Bahaguwar Zuciya

Sun kwantar da kai a ɗaki mai sanyi, Baba,
sun zura siririyar waya ta wuyan hannunka,
suka saki rini cikin jini.
Ni ina bayan gilashi tare da Dakta Mannir,
hannuwana cikin aljihun farar riga
don kada ya ga suna rawa.

Allo ya haska.
Jijiyoyi suka fito baƙaƙe
kamar saiwar gawon da ruwa ya tone a bakin rafi,
su bayyana, su ɓace, su sake dawowa.

A aji an karantar da mu:
jijiya biyu ke shayar da zuciya, ta dama da ta hagu,
sun naɗe ta kamar gammo.
Can bayanta akwai ɗan kwari
inda reshe guda ke gangarawa.
Wadda ta haifi wannan reshe, ita ke da rinjaye.
Cikin mutum goma, bakwai ko takwas na dama ne.
Wasu su biyun ke raba aikin,
kamar maƙwabtan da suka haɗa kuɗin rijiya.
Ɗaya tak, ko kusa da haka,
ta hagu ce ke zagayowa ta baya ita kaɗai.
Na haddace wannan na ci jarrabawa.
Ban san kai nake haddacewa ba.

Dakta ya nuna da bakin biro:
"Kin ga ta damansa? 'Yar mitsitsiya, ta tsaya a rabin hanya.
Ta hagu ce ta ɗauki gari.
Ga kuma inda ta matse."

Sai na ga lambunka na Ajiwa,
kwamin albasa arba'in da biyu
a kan hanyar ruwa guda,
da kai, da asuba, kana tsince ta da yatsu,
kana cire ko da ganyen darbejiya.
Na taɓa cewa, ganye ɗaya me zai tare?
Ka ce, "Hansai, mai hanya biyu shi ka sakaci."

Sun buɗe matsin.
Sun bar maka ɗan ƙarfe mai kama da raga,
bai kai tsawon gaɓar yatsa ba.
Rini ya wuce, ya sha kwana, ya gangara kwarin,
har kwamin ƙarshe ya jiƙa.

Da la'asar na zana maka a bayan takardar magani.
Ka juya ta sama, ka juya ta ƙasa.
"Hagu?" ka ce.
Dariya ta kama ka har nas ta leƙo.
Ka ce Iya Tabawa ta karya ludayi biyu a hannun nan,
ta ɗaure shi da tsumma wata guda
kafin ka yarda ka kai loma da dama.
"Ashe ciki ta gudu ta ɓoye,
inda ludayi bai kaiwa."

Na ce, Baba, babu haɗi,
hannu daban, jijiya daban,
ba ciwo ba ne, ba laifi ba, halitta ce;
haka littafi ya ce.
Ka ce, "Littahin naku ya taɓa riƙe lauje?"

Ban amsa ba.
Shekara sittin da bakwai tana wannan aiki a duhu,
ba wanda ya yaba, ba wanda ya tsawata.

Ranar sallama, mun fito ta Ƙofar Ƙaura,
kana ta tambayar wa ya ba albasa ruwa.
Na riƙe wuyan hannunka kamar mai duba bandeji.
Ƙirge nake yi.
Ka sani, ka yi shiru,
ka bar mini hannun har gida.